Kuskuren da Ba Ya Fitowa Sai Bayan Awa 18

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a Kaélé, babban garin Mayo-Kani da ke Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, kan haura digiri 40. Rafuka sun koma yashi, ruwan ƙasa ya yi nisa, rijiyoyin burtsatse masu famfon sola su ne madogarar unguwa da garken shanu. A jikin irin wannan famfo akwai akwatin sarrafawa, a cikin akwatin kuma akwai ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki wadda ba ta kai farcen babban yatsa ba. Manhajar da aka zuba mata ita ke yanke hukunci: yanzu a kunna, yanzu a kashe, yanzu a jira ruwa ya taru. Ranar da famfo ya yi shiru, mutane kan ɗora wa zafi laifi, ko batir, ko ƙurar da ta rufe faranti. Sau da yawa sun yi gaskiya. Wani lokaci kuwa ɓarnar tana cikin layi ɗaya tak na manhajar.

Masu iya gano irin wannan layi suna tasowa a yankin. Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, tana da babbar makarantar fasaha mai sashen kwamfuta da sadarwa da kuma sashen makamashi mai sabuntuwa, sannan makarantarta ta aikin ma'adinai da man fetur a Kaélé take. A 2022 aka ƙara kafa Jami'ar Garwa. Ɗaliban injiniya a irin waɗannan makarantu sukan haɗa na'urar auna ruwa, ta cajin batir ko ta lura da zafin inji a aikinsu na kammala karatu. Rubuta manhaja ana koyar da shi a aji. Farautar kuskuren da ke ɓuya kuwa sana'a ce mai zaman kanta, kuma tana da makami na musamman: dibaga, manhajar da ke riƙe wata manhaja tana aiki, ta tsayar da ita, ta leƙa cikinta.

Famfon da ya ƙi tashi

A ɗauka wata ɗaliba ta haɗa akwatin sarrafa famfo da allon STM32F103, wanda ake samu da arha, mai ƙwaƙwalwar ARM Cortex-M3. Ta sa masa dokar kariya: in ruwa ya ƙare a rijiya, famfo ya tsaya don kada ya ƙone, ya jira daƙiƙa 600, wato minti 10, sannan ya sake tashi. A ɗakin gwaji komai lafiya lau. Da safe ta kunna, da yamma ta kashe ta tafi gida. Da aka kai akwatin bakin rijiya aka haɗa shi da batir, ya shiga aiki dare da rana, sai ƙorafi ya fara zuwa: wata rana famfo ya tsaya ya ƙi tashi, ga ruwa ga rana, sai an cire wuta an mayar. Ya yi kwanaki lafiya, ya sake maimaitawa.

Irin wannan cuta ita ce mafi wahalar magani. Da zarar an cire wuta an mayar, shaidar ta goge. In ɗalibar ta sa manhajar ta tsaya duk lokacin da ta shiga sashen duba famfo, sashen yana aiki sau ɗaya kowace daƙiƙa, wato sau 86,400 a yini. Babu ɗan Adam da zai zauna yana danna maɓallin ci gaba sau dubu tamanin da shida, idonsa a buɗe, yana jiran tsayawa ɗaya mai ma'ana.

Yadda shinge ke aiki

Wurin da mai bincike ke sa wa manhaja alama don ta tsaya, shi ne shingen tsayawa. Ana danganta ƙirƙirarsa ga Betty Holberton, ɗaya daga cikin mata shida da suka fara tsara ayyukan ENIAC, katafariyar kwamfutar da aka nuna wa duniya a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1946. A wancan zamani, da wayoyi da maɓallai ake tsara aiki, don haka tsayar da na'ura a tsakiyar lissafi aikin hannu ne.

A kwamfutar tebur ta yau mai ƙwaƙwalwar Intel ko AMD, dabarar ta fi wayo. Dibaga kan ɗauke bayit na farko na umarnin da ake so a tsaya a kansa, ta adana shi a gefe, ta sa bayit mai lamba 0xCC a gurbinsa. Wannan shi ne umarnin INT 3. Da ƙwaƙwalwar ta taka shi sai ta miƙa wuya ga tsarin aiki. A Linux, sanarwar SIGTRAP ce ke fita, dibaga ta karɓe ta ta hanyar ptrace. In za a ci gaba, sai ta mayar da bayit na asali, ta sa a yi taku ɗaya, ta sake dasa 0xCC.

A ƙaramar ƙwaƙwalwa irin ta akwatin famfo, manhaja tana zaune a ma'adanar filash, wadda ba a sauya bayit ɗinta cikin sauƙi. Shi ya sa masu ƙera ta suka gina masu kwatanta adireshi a cikin guntun kansa. Cortex-M3 na da shinge na ƙarfe har 6 don umarni, da wasu 4 masu sa ido a kan gurbin bayanai, waɗanda ke tsayar da aiki in an taɓa wani adadi. Cortex-M0 bai wuce 4 da 2 ba. Ana isa gare su da 'yar na'urar ST-Link da ake cusawa a USB, tare da manhajar OpenOCD. Kenan shinge kaya ne mai tsada a wannan duniya, dole kowanne ya yi aikin da ya fi ƙarfin tsayawa kawai.

Daga tsayawa zuwa zaɓe

Duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Marwa, ko ya karkata a mahaɗar Magada ya nufi Kaélé da Yagwa, ya san shingen jandarmomi. Da jami'in zai tsayar da kowace mota ya sauke kayanta, da layin ya kai wani gari kafin azahar. Shinge mai amfani shi ne wanda aka ba jami'insa bayani: wace mota ake nema, me za a rubuta game da sauran, yaushe za a kira na sama.

GDB, dibagar da Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986 cikin aikin GNU, ta daɗe da matakan farko na wannan zaɓe. Umarnin `break` na dasa shinge. `condition` na ɗaura masa sharaɗi, ya tsaya kawai in wani adadi ya kai kaza. `ignore` na cewa a bar shi ya wuce sau kaza tukuna. `tbreak` shinge ne na sau ɗaya, yana tsayawa ya gushe. `commands` na ba shi jerin ayyuka, misali ya buga wani adadi ya ci gaba da kansa. `watch` kuma na gadin gurbi guda.

Waɗannan suna isa in mai bincike ya riga ya san abin da yake nema. Ɗalibarmu ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne alamar ciwo: akwai ruwa, famfo a kashe, kuma an daɗe a haka fiye da ƙa'ida. Alamar tana buƙatar tuna abin da ya gabata, da ƙirga, da kwatanta. A nan ne harshen rubutun umarni ke shigowa.

A watan Oktoba na 2009 aka fitar da GDB 7.0, kuma da ita aka sa harshen Python a cikin dibagar. Fitowar da suka biyo baya sun buɗe wa Python ƙofar shingaye ta hanyar ajin `gdb.Breakpoint`. Mai bincike na iya gina nasa shingen a kan wannan aji, ya rubuta masa sashe mai suna `stop`. Duk lokacin da manhaja ta iso wurin, GDB na kiran wannan sashe ta tambaye shi. In ya amsa da `True`, a tsaya a kira mutum. In ya amsa da `False`, a wuce kamar ba a yi komai ba. Ga abin da ɗalibar za ta rubuta:

```
class Shinge(gdb.Breakpoint):
    jira = 0
    def stop(self):
        famfo = int(gdb.parse_and_eval("famfo_kunne"))
        ruwa = int(gdb.parse_and_eval("akwai_ruwa"))
        if ruwa and not famfo:
            self.jira += 1
        else:
            self.jira = 0
        return self.jira > 700

Shinge("duba_famfo")
```

Layuka goma sha ɗaya ke nan. Kowace daƙiƙa shingen na karanta adadi biyu daga cikin allon: famfo a kunne yake, akwai ruwa? In akwai ruwa amma famfo a kashe, sai ya ƙara ɗaya a ƙidayarsa, wadda ke zaune a kwamfutar ɗalibar, nesa da duk wata cutar da ke cikin allon. In ƙidayar ta haura 700, wato an zarce jiran daƙiƙa 600 da tazara mai kyau, sai ya tsayar da komai. Ta haɗa allon da tankin gwaji da ke cika yana zubewa a kai a kai, ta bar shi ya kwana yana aiki.

Abin da aka tarar da safe

Washegari allon na tsaye cak, cikinsa a buɗe, babu abin da ya goge. Ta duba gurbin da ke riƙe lokacin da famfo ya tsaya: 65,200. Ta duba agogon daƙiƙu na manhajar: bai kai 400 ba. Agogon ya koma baya.

Dalilin lissafi ne tsagwaronsa. Ta ajiye ƙidayar daƙiƙu a gurbi mai bit 16, wanda iyakarsa 65,535. Daƙiƙa ɗaya bayan haka sai ya koma sifili, kuma hakan na faruwa bayan awa 18 da minti 12 da kunna na'ura. Manhajar na jiran agogo ya kai 65,200 da ƙarin 600, wato 65,800, adadin da gurbin ba zai taɓa iya riƙewa ba. Famfon zai jira har abada. Cutar ba ta kamawa sai in ruwa ya ƙare cikin minti 10 na ƙarshen zagayen, abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na lokacin ba. A ɗakin gwaji, inda ake kashe wuta kowace yamma, agogon bai taɓa kaiwa can ba. A bakin rijiya kuma ya fi aukuwa da bazara, lokacin da ruwa ke yawan ƙarewa, shi ya sa zargi ke faɗawa kan zafi.

Gyaran layi ɗaya ne. Ko a riƙa ɗebe lokacin tsayawa daga lokacin yanzu cikin lissafin bit 16, wanda ke ba da tazara daidai ko da agogo ya zagayo, ko a faɗaɗa gurbin zuwa bit 32, wanda zai ƙirga daƙiƙu na shekara 136.

Manyan kamfanoni ma sun sha wannan ɗaci. Windows 95 na iya sandarewa bayan kwana 49.7 a kunne, saboda ƙidayar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa mai bit 32 ta cika. A 2015 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ba da umarni kan jirgin Boeing 787, bayan gwaji ya nuna cewa na'urorin sarrafa janaretocinsa za su iya ɗauke wuta in suka yi kwana 248 a kunne ba yankewa. Masu rubuta zuciyar Linux sun ɗauki darasin tun tuni: suna fara ƙidayar agogon tsarin daga adadin da zai sa ta zagayo minti 5 bayan kunnawa, don duk mai irin wannan kuskure ya bayyana nan take. Ɗalibar na iya aron dabarar. Da umarnin `set var` sai ta tura agogon allon zuwa 65,000, ta gwada gyaranta cikin kwata na awa maimakon ta sake kwana.

Dokokin da ba a tsallakewa

Sashen `stop` na da iyaka, kuma littafin GDB ya faɗe ta ƙarara. A cikinsa ba a sa manhaja ta yi taku, ba a sauya matakin kira da ake dubawa, ba a dasa ko goge wani shinge, kuma a ƙa'ida ba a sauya bayanan manhajar. Dalili shi ne a wannan lokacin GDB na tsakiyar yanke hukunci, jerin shingayenta na hannunta. Mai son yin irin waɗannan ayyuka sai ya jinkirta su da `gdb.post_event`, ko ya rataya aikinsa a `gdb.events.stop`, wanda ake kira bayan tsayawa ta tabbata.

Akwai wasu ƙananan ƙa'idoji masu cin lokacin wanda bai san su ba. Shinge ɗaya ba ya ɗaukar sharaɗin `condition` da sashen `stop` a tare, GDB za ta ƙi. In shingaye biyu na wuri ɗaya, ana tambayar kowanne, kuma ɗaya ya ce a tsaya ya wadatar. In rubutun Python ɗin kansa ya yi tuntuɓe, GDB na buga kuskuren ta tsaya, don kada ciwo ya wuce ba a gani ba.

LLDB, dibagar aikin LLVM wadda Apple ke amfani da ita a Xcode, ita ma da Python take aiki, ta umarnin `breakpoint command add`. Sai dai akwai bambancin da ke ruɗa mai ƙaura daga ɗaya zuwa ɗaya. A GDB, sashen da ya ƙare bai ba da amsa ba ana ɗaukarsa a matsayin izinin wucewa. A LLDB kuwa sai an amsa da `False` ƙarara ake wucewa, shiru na nufin a tsaya. Mai binciken da ya manta layin amsa a GDB zai iya barin na'ura ta kwana tana aiki, shingensa bai taɓa kamawa ba.

Kuɗin da ake biya da lokaci

Ko da `stop` ya ce a wuce, an riga an tsaya. Ƙwaƙwalwar allon ta daskare, saƙo ya bi wayar USB zuwa kwamfuta, Python ya karanta adadi biyu, amsa ta dawo, sannan aiki ya ci gaba. Ga sashen da ke aiki sau ɗaya a daƙiƙa, wannan jinkiri ba ya cutarwa. Ga sashen da ke sarrafa juyawar inji sau dubbai a daƙiƙa, zai rusa aikin gaba ɗaya, kuma kuskuren da ya dogara da tseren lokaci na iya ɓacewa da zarar an sa masa ido. A can sai a koma ga masu gadin gurbi na ƙarfe, ko a sa manhajar ta riƙa ajiye tarihin ayyukanta a ma'adana a karanta daga baya.

Wannan hanya ta biyu ce ta ceci Mars Pathfinder, kumbon da ya sauka a duniyar Mars ranar 4 ga Yuli, 1997, ya riƙa sake kunna kansa. Injiniyoyin kumbon sun bar kayan bin sawu a cikin manhajar. Suka kunna su a kan kwafin na'urar da ke ɗakin gwaji, cikin ƙasa da awa 18 matsalar ta sake aukuwa a gabansu, suka ga wani ƙaramin aiki ya riƙe makullin da babban aiki ke jira.

Akwai kuma haɗari ga ƙarfe da jiki. Tsayar da ƙwaƙwalwa ba ya tsayar da duk abin da ke kewaye da ita. A STM32, masu ƙirga lokacin da ke tura wuta ga injin famfo na iya ci gaba da aiki, famfo ya yi ta juyawa babu mai lura da shi. Agogon gadi, wanda aikinsa sake kunna allon in manhaja ta yi shiru, shi ma yana ci gaba da ƙirga, ya goge shaidar da aka kwana ana jira. Guntun na da rajista a sashen DBGMCU da ke daskarar da waɗannan agogo duk lokacin da dibaga ta tsayar da aiki. Mai hankali na sa wannan saiti a layukan farko na rubutunsa, kuma yana gwaji da fitila a madadin inji kafin ya haɗa famfo na gaske.

Wuta, fayil da gado

Gwajin awa 18 na buƙatar wutar awa 18. Arewacin Kamaru ya dogara ne da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka kammala a 1982, kuma in ruwanta ya ja baya da rani akan shiga rabon wuta. Tashoshin sola da aka kafa a Marwa da Gidar a 'yan shekarun nan sun rage nauyin, amma mai gwaji ba ya sakankancewa. Tunda Python cikakken harshe ne, layi biyu sun isa su sa shingen ya riƙa rubuta lokaci da adadin da ya karanta a fayil, yana adanawa nan take. In wuta ta ɗauke da tsakar dare, tarihin awannin da suka wuce na nan.

Rubutun kuma ba ya mutuwa da kammala bincike. Tun daga Linux 4.0 a 2015, zuciyar tsarin na zuwa da jakar `scripts/gdb`, wadda ta ƙara wa dibaga umarni irin su `lx-dmesg` da `lx-ps`, ilimin da wasu suka tara suka bar wa na baya. Masu binciken tsaron manhaja sun gina kayan aiki irin su GEF da pwndbg a kan wannan ƙofa ta Python. Shi kansa harshen Python, daga fitowa ta 3.7 a 2018, ya samu umarnin `breakpoint()`, wanda ake iya kashe shi ko juya shi zuwa wata dibaga da saitin PYTHONBREAKPOINT ba tare da an taɓa manhajar ba.

Ga ɗalibi a Kaélé, Marwa ko Garwa, kayan aikin ba su da shamaki. GDB da OpenOCD kyauta ne, suna aiki a tsohuwar kwamfutar hannu, kuma da zarar an sauke su ba sa neman intanet. Abin lura ɗaya shi ne ba kowace GDB ta ƙwaƙwalwar ARM ce ke zuwa da Python a ciki ba. A Debian da Ubuntu, kunshin `gdb-multiarch` na da shi, kuma buga `python print(1)` a cikin dibagar na nuna ko akwai. Malamin da ke duba aikin kammala karatu na iya neman ɗalibi ya miƙa fayil ɗin shingayensa tare da manhajar, domin wanda zai gaji akwatin famfon bayan shekara biyu ya ɗora shi da umarnin `source`, ya ga alamomin ciwon da aka riga aka sani, ya ƙara nasa a ƙasa.